Zare, ƙarfe da allura: yadda likita ke auna ɓarnar da suga ya yi wa jijiyoyin ƙafa

Akwai wani abu da yake rikita masu ciwon suga sosai idan sun je ganin likita. Mutum biyu ne za su shiga, ɗaya ƙafarsa ba ta barinsa barci, zugi, raɗaɗi, kamar an zuba masa garwashi, amma bayan an duba sai a ce masa lalacewar jijiyar tasa ba ta yi nisa ba. Ɗayan kuma lafiyarsa ƙalau a ganinsa, ba abin da ke masa ciwo, sai ga likita ya ɗan taɓa ƙafar da wani siririn zare na minti biyu ya ɗago kai ya ce masa ƙafar nan tana cikin haɗari, a riƙa dawowa duk bayan wata kaza. Sai na farko ya ga an raina ciwonsa, na biyu kuma ya ga ana so a ɗora masa ciwon da babu. To a nan za mu warware me waɗannan ƙananan gwaje-gwajen suke aunawa, me ba sa iya aunawa, da kuma inda masana suka rabu a kansu.

Wace jijiya ake nufi tukuna

Mu a bakinmu komai jijiya ne, ta jini jijiya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya, shi ya sa da an ce "suga ya taɓa jijiya" kowa da abin da yake fahimta. Wadda ake magana a nan ita ce mai kai saƙo, wato wadda idan ka taka ƙaya take sanar da ƙwaƙwalwa kafin ma ka duba. Toshewar jijiyar jini wata matsala ce daban, ita ma suga yana kawo ta, kuma sau da yawa suna haɗuwa a ƙafa ɗaya, amma gwajinsu ba ɗaya ba ne.

Su kansu jijiyoyin saƙon iri biyu ne a dunƙule. Akwai masu kauri, su ne ke ɗauke da jin taɓawa da jin girgiza da sanin inda ƙafa take ko da ido a rufe. Akwai sirara, su ke ɗauke da jin zafi da sanyi da ciwo. Wannan rabon shi ne tushen duk maganar, domin kowane gwaji ɓangare ɗaya yake leƙawa.

Idan suga ya daɗe yana sama, yana illata jijiyar ta cikinta, yana kuma illata 'yan ƙananan hanyoyin jini da suke ciyar da ita. Jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara jigata, kuma duk jiki babu waɗanda suka kai na ƙafa tsawo, daga ƙasan baya har yatsa. Shi ya sa abin yake farawa daga yatsun ƙafa, ƙafa biyun tare, ya riƙa hawowa a hankali kamar ana saka safa, in ya kusa gwiwa sai a fara jin sa a kan yatsun hannu. Hawan jini, kitse a jini, ƙiba da shan taba duk suna ƙara wa abin gudu. Ana ƙiyasin kusan rabin masu suga za su gamu da shi a tsawon rayuwarsu.

Ciwo ba shi ne ma'auni ba

Jijiyar da ta fara lalacewa amma ba ta mutu ba, ita ce take aika saƙon ƙarya: ƙuna, tsira kamar allura, kamar tururuwa na yawo a fata, wani ma bargo kawai in ya taɓa ƙafar sai ya yi tsalle, kuma da daddare abin ya fi tsanani. Jijiyar da ta riga ta mutu kuwa ba ta aika komai. To ka ga mai kuka da ƙafa yana iya zama yana da sauran ji, wanda ba ya jin komai kuma shi ne abin ya ci. Akwai ma wanda zai ce ai zugin da yake fama da shi shekara da shekaru ya daina, ya samu sauƙi, alhali ba sauƙi ba ne, jijiyar ce ta ƙarasa. Wani kuma duka biyun ne a tare, ƙafar na masa raɗaɗi amma in an soka masa allura ba zai ji ba.

Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta ce har rabin masu wannan matsalar ba su da wata alama da za su kai ƙara a kanta. Saboda haka ne ba a jiran sai mutum ya yi ƙorafi. Ƙa'idarsu ita ce mai suga nau'i na 2, wato irin wanda ya fi kama manya, a duba ƙafarsa tun ranar da aka gano ciwon, don galibi ya yi shekaru da shi bai sani ba, mai nau'i na 1 kuma, wato irin wanda dole sai da allurar insulin, bayan shekara 5 da farawa, daga nan kowa sau ɗaya a shekara aƙalla.

Zaren nan da ake dannawa

Sunansa monofilamen, siririn zaren nailan ne a jikin ɗan mariƙi, an ƙera shi yadda zai lanƙwashe daidai lokacin da nauyin dannawar ya kai giram 10. Hikimar kenan, ko hannun wa ya riƙe shi nauyin ɗaya ne. Asalinsa daga aikin Josephine Semmes da Sidney Weinstein ne wajen 1960, kuma masu kula da kutare sun daɗe suna aiki da irinsa kafin ya zama ruwan dare a ɓangaren suga, tunda matsalar iri ɗaya ce, ƙafar da ba ta ji tana jin rauni mai ita bai sani ba.

Yadda ake yi: a fara danna maka shi a hannu don ka san abin da za ka ji, sannan ka rufe ido. A danna a tsaye a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, kamar daƙiƙa 2, a ɗage. Kwamitin ƙasa da ƙasa mai fitar da ƙa'idojin ƙafar masu suga, wanda ake taƙaita sunansa da IWGDF, ya ce wuri uku ya wadatar a kowace ƙafa, ƙarƙashin babban yatsa, da tudun da ke gindin babban yatsa, da tudun gindin ƙaramin yatsa. Kowane wuri a tambaye ka sau uku, biyu da gaske ɗaya na yaudara wato ba a taɓa ba amma a ce ka ji? Wanda ya ci biyu cikin uku wurin yana da ji. Yaudarar nan dole ce, don mutane da yawa suna cewa e saboda kunya ko don a gama a sallame su.

Ba a dannawa a kan kanta ko miki ko tabo, fatar da ta yi kanta ko ta mai lafiya ce ba za ta ji ba. Kuma zaren yana gajiya, in an yi wa mutum 10 zuwa 15 da shi ana so ya huta awa 24, in ya tsufa a canza, in ba haka ba yana lanƙwashewa da wuri sai a ce mutum ba ya ji alhali zaren ne ya yi laushi.

Amma ga inda ake kuskure. Zaren ba ya amsa tambayar "jijiya ta fara lalacewa?" Tambayar da yake amsawa ita ce "ƙafar nan ta rasa jin da zai kare ta daga rauni?" Giram 10 nauyi ne babba a wajen fata mai lafiya, kafin mutum ya kasa jin sa ɓarnar ta riga ta yi nisa. Don haka wanda ya ci gwajin zare bai kamata ya tafi da cewa jijiyarsa garau take ba.

Ƙarfen girgiza, guduma da allura

Na biyu wani ƙarfe ne mai ƙafa biyu wanda in an buga shi yake girgiza sau 128 a daƙiƙa. A ɗora gindinsa a kan ƙashin babban yatsa ta sama, a tambaye ka kana jin zirrr ɗin ko dannawa kawai kake ji, sannan ka faɗa in ya tsaya. Wata hanyar ita ce in ka ce ya tsaya amma likita yana ci gaba da jin sa a yatsansa har daƙiƙa 10 ko fiye, to jinka ya ragu. In ba ka ji a yatsa ba sai a hau idon sawu, in nan ma babu a hau ƙasan gwiwa, kuma wannan hawan shi kansa awo ne, iya inda jin ya dawo iya nisan ɓarnar. Jin girgiza yakan ragu kafin a kasa jin zare, shi ya sa ƙarfen ya fi kama abin da wuri. Akwai mai sikeli daga 0 zuwa 8 da ake kira Rydel-Seiffer, akwai kuma na'urar lantarki da ake ƙara mata ƙarfi har sai ka ji, wanda bai ji ba sai an wuce bolt 25 haɗarin gyambonsa ya ninka sosai.

Guduma kuma ƙaramar ta roba ce, a bugi agara a bayan diddige a ga ko ƙafar za ta zabura. In ba ta motsa ba sai a ce ka sarƙe yatsun hannunka ka ja da ƙarfi a sake bugawa, wani sai a lokacin take fitowa.

Duk waɗannan ukun jijiyoyi masu kauri suke aunawa. Sirara sai da tsini da sanyi, a ɗan soka da abu mai tsini wanda ake yarwa bayan amfani ɗaya a ce kaifi ka ji ko dannawa, a ɗora abu mai sanyi a bayan ƙafa a ce me ka ji. Mutumin farko da muka fara da shi, mai zugin dare, sau da yawa sirara ne suka fara taɓuwa a wajensa, zare zai ji, ƙarfe zai ji, guduma lafiya, in ba a yi masa gwajin tsini da sanyi ba sai a ce ba komai.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar kayan aiki ko ɗaya. Likita Gerry Rayman da abokan aikinsa a asibitin Ipswich ta Ingila suka wallafa shi a 2011. Mutum ya rufe ido, a ɗora kan ɗan yatsan hannu a hankali a kan yatsan ƙafa na 1 da na 3 da na 5, daƙiƙa 1 zuwa 2, ba dannawa ba shafawa, ƙafa biyu wuri shida kenan. In bai ji biyu ko fiye ba, jin kariya ya tafi. Sakamakonsa ya zo kusa da na zare ƙwarai, kuma ɗan uwa a gida zai iya yi.

Daga gwaji zuwa maki

Gwaji ɗaya e ko a'a yake bayarwa, amma tsanani yana buƙatar lissafi, sai masana suka haɗa su suka ba su maki. Uku ne suka fi yawo.

Wanda masanan Manchesta suka sauƙaƙa a 1993, ana ce masa NDS, makinsa 10 ne. Girgiza, tsini, sanyi, kowanne in ba a ji daidai ba maki 1 a kowace ƙafa, shida kenan. Agara in ta zabura 0, in sai da aka ja hannu 1, in babu sam 2, a ƙafa biyu huɗu. Daga 3 zuwa 5 ƙaramar lalacewa, 6 zuwa 8 matsakaiciya, 9 zuwa 10 mai tsanani. Lura ko tambayar ciwo babu a ciki. Wani bincike na kusan mutum 10,000 a arewa maso yammacin Ingila da aka fitar a 2002 ya nuna wanda ya kai 6 ko fiye haɗarin fitar masa da gyambo ya ninka fiye da sau biyu.

Na jami'ar Mishigan, wanda Eva Feldman da tawagarta suka fitar a 1994, tambayoyi 15 ne mutum zai amsa da kansa, sai dubawar likita mai maki 8 wadda ta haɗa da kamannin ƙafar, bushewa, faso, karkacewar yatsu, miki, girgiza da agara. Shi na tacewa ne, a gane wa za a ƙara bincika.

Na Toronto kuma, na Vera Bril da Bruce Perkins a 2002, makinsa 19, alamomin da mutum yake ji 6, zaburar gwiwa da agara 8, gwajin ji 5. Daga 0 zuwa 5 babu, 6 zuwa 8 kaɗan, 9 zuwa 11 matsakaici, 12 zuwa sama mai tsanani. Ka ga 6 a nan "kaɗan" ne, a na Manchesta kuwa 6 an shiga layin haɗari, don haka in an faɗa wa mutum makinsa ya tambaya da wane sikeli aka auna, in ba haka ba lambar ba ta da ma'ana.

Inda masana suka rabu

Ɓangare ɗaya, mafi yawansu likitocin jijiya da masu bincike, suna cewa waɗannan gwaje-gwajen sun dogara da bakin majinyaci da hannun mai gwaji, likita biyu za su duba ƙafa ɗaya su ba da maki daban, kuma sai ɓarna ta yi nisa suke kamawa, lokacin da gyara ya yi wuya. Tsufa kansa yana rage jin girgiza da zaburar agara, dattijo ɗan shekara 75 ba suga ma yana iya faɗuwa gwajin. Kumburin ƙafa da sanyin ɗaki duk suna ɓata sakamako. Su a wajensu tabbaci sai an auna gudun saƙo a jijiya da na'urar lantarki, in kuma sirara ake zargi a yanki ɗan ƙaramin fata a ƙirga jijiyoyin ciki, ko a ɗauki hoton jijiyoyin gaban ido da madubi na musamman. Matsayar da masana suka cimma a taron Toronto, wadda aka wallafa a 2010, ma haka ta tsara, alamomi da gwajin hannu iyakarsu "mai yiwuwa" ko "mai rinjaye", kalmar "tabbatacce" sai da awon na'ura.

Ɗaya ɓangaren, masu kula da suga da ƙafa yau da kullum, suna cewa masu suga a duniya sun haura miliyan 500, ba ƙasar da za ta iya ɗora kowa a na'ura duk shekara, kuma na'urar lantarkin ita ma jijiyoyi masu kauri kawai take gani. Sannan ko an tabbatar da na'ura abin da za a yi wa mutum bai canza ba, a daidaita suga, a kare ƙafa, a rage ciwo. Abin da ke cin ƙafar mutane gyambo ne, kuma zare da ƙarfe sun nuna suna iya hango shi.

In aka duba da kyau ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Mai gwada sabon magani yana buƙatar awon da zai ga ɗan canji kaɗan, mai son hana yanke ƙafa yana buƙatar awon da za a iya yi wa kowa cikin minti uku. Abin da duka suka yarda da shi shi ne gwaji ɗaya bai isa ba, zare a haɗa shi da aƙalla wani, kuma a taɓa ɓangaren masu kauri da na sirara.

Me sakamakon yake canzawa ga mai ciwon

Na farko yawan zuwa dubawa. IWGDF ta kasa mutane huɗu. Mai ji lafiya, jini na gudu lafiya, sau ɗaya a shekara. Wanda ya rasa jin kariya ko jininsa ba ya isa ƙafa sosai, duk wata 6 zuwa 12. Wanda abu biyu suka haɗu masa, ko ɗaya tare da karkacewar ƙafa, duk wata 3 zuwa 6. Wanda kuma yake da ɗaya daga cikin biyun nan sannan ya taɓa yin gyambo, ko an taɓa yanke masa wani ɓangare, ko ƙodarsa ta gaza gaba ɗaya, duk wata 1 zuwa 3. Wannan rukunin na ƙarshe ba wasa, kusan 40 cikin 100 na waɗanda gyambonsu ya warke yana dawowa cikin shekara ɗaya.

Na biyu, wanda aka ce jin kariyarsa ya tafi, ido da hannu ne za su karɓi aikin jijiya. Duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, da madubi ko wani ya duba masa, zura hannu cikin takalmi kafin sakawa, ba tafiya ba takalmi ko a cikin ɗaki, ba gwada zafin ruwa da ƙafa, ba kusantar da ita wuta ko abin ɗumama, ba yanke kanta da reza. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ja ta yi zafi ba tare da ciwo sosai ba, wannan na gaggawa ne, ƙasusuwan ciki na iya rugujewa mutum yana takawa, shi ake kira ƙafar Charcot.

Maganar daidaita suga kuma, a nau'i na 1 hujjar tana da ƙarfi, babban binciken da ake kira DCCT na mutum 1,441 da aka fitar a 1993 ya nuna matse suga ya rage faruwar lalacewar da kusan kashi 60 cikin 100. A nau'i na 2 amfanin bai kai haka ba, shi ya sa ake haɗawa da kula da hawan jini, kitse, nauyi da barin taba. Magungunan zugi irin su pregabalin, gabapentin, duloxetine da amitriptyline ciwon suke ragewa, ba sa gyara jijiya, don haka mutum zai iya samun barci makinsa na gwaji yana nan inda yake ko ma ya ƙaru.

Lokacin da ba sugan ba ne

Ba duk mai suga da ƙafarsa ta sage ne sugan ya jawo ba, kuma gwaje-gwajen nan ba sa faɗin dalili, rashin ji kawai suke nunawa. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo irin wannan, kuma metformin da yawancin masu nau'i na 2 suke sha yana rage B12 in an daɗe a kansa, shi ya sa ake so a riƙa auna shi. Giya, ciwon ƙoda, raunin aikin maƙoƙo, kuturta, wasu magungunan tarin fuka da na kansa da na ƙanjamau, matsewar jijiya a ƙashin baya, duk suna cikin lissafi.

Na suga yana da salonsa, a hankali, daga yatsu, ƙafa biyu daidai, ji ne yake fara tafiya kafin ƙarfi. In abin ya zo cikin 'yan makonni, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nesa ba kusa ba, ko ya fara daga hannu, ko raunin tsoka ya fi rashin ji yawa har mutum yana jan ƙafa, to a nan zare da ƙarfe sun gama nasu, sai a tura wa likitan jijiya a yi awon na'ura da gwajin jini.